Dutsen Niƙan Inna a Birnin Rum

Ku matso, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Anaruwa ɗan Nomau, mutumin Tsaunin Kanwa, garin da ke bakin rairayi, inda ƙasar noma ta ƙare, ta raƙuma ta fara. Na ƙetare hamada, na ƙetare teku, na shiga birnin da gumakansa suka fi ƙarfin ƙirga, na ga sarkin yaƙi yana jiran izinin kaza. Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya zo ya taɓa kafaɗata ta dama ya ji yadda dutse ya lotsa ta.

Sunan mahaifiyata Tarana, amma Inna muke ce mata. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan," shi ne rabona, shi ma tana kallon gefe take faɗa. Tana da wani baƙin dutsen niƙa mai sulɓi da ta gada wajen uwarta, ita ma ta gada wajen tata uwar. Kullum da kukan zakara za ta durƙusa gabansa, ta zuba gero, ta kama ɗan dutsen da hannu biyu, tana niƙa tana waƙa har rana ta fito. Muna tsokanarta cewa in gobara ta tashi dutsen za ta fara ɗauka kafin mu, ba ta kuma taɓa musawa ba.

Wata shekara na bi ayarin kanwa, na yi wata huɗu. Da na dawo na tarar da garinmu lafiya lau, ba a ƙona ko da danga ba, amma tsakar gidanmu shiru. Inda dutsen yake zama sai rami. Gwaggo Kuluwa, ƙanwar mahaifina, ta kama hannuna tana kuka.

"Ɗana, mutane ne suka zo daga arewa, hulunansu na ƙarfe, mayafansu ja. Rumawa ake ce musu. Duk gari muka haye tsauni, ita kuwa ta ce ba inda za ta ta bar dutsenta."

"Sun kashe ta, Gwaggo?"

"Ina fa! Da hannu biyu suka ɗauke ta. Ɗan jagoran da suka bari ba shi da lafiya shi ya warware mana. Wai al'adarsu, kafin su shiga gari sai shugabansu ya rufe kansa da mayafi ya yi kira: ko wane ne abin bautar da ke tsaron garin nan, mace ko namiji, ya fito ya bi su, za su gina masa gidan da ya fi nasa. To shugaban nan, Durmiyus, ya yi alkawarin, ya shigo gari ya duba ko'ina bai ga gunki ba. Hankalinsa ya tashi, don su ba sa wasa da alkawarin tsafi. Yana leƙa gidanku sai ga mace ita kaɗai a durƙushe gaban baƙin dutse, tana zuba masa hatsi tana yi masa waƙa, ga mayaƙa a kanta ko ɗagowa ba ta yi ba. Nan take suka zube ƙasa. Suka ce ga uwargijiyar garin, ga kuma mai yi mata hidima."

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Na shiga rumbun Inna na sussuke damin geronta na ƙarshe, na cika burgami, na ɗaure bakinsa. Na rantse gaban Gwaggo ba zan ci ƙwaya ɗaya ba sai wadda Inna ta niƙa da hannunta. Washegari na bi wasu fatake masu zuwa arewa.

Kwana arba'in da uku muka yi a rairayi. Mun ratsa ƙasar mutanen da ke jan ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, suna noman inabi a inda ko ƙadangare ba ya zama. Yunwa ta ci ni har na riƙa shinshina burgamin nan, amma ban kwance shi ba. Daga nan muka iso wata ganuwa ta dutse, farkon ƙasar Rumawa ke nan. A ƙofar akwai gunkin sarkinsu, Kaisar, da kaskon wuta a gabansa. Duk mai shiga sai ya jefa turare ya maimaita wasu kalmomi.

Na tambayi tafinta, "Shi wannan Kaisar ɗin ya mutu ne?"

"Yana nan da ransa."

"To mai rai me zai yi da hayaƙi? Ba gara a aika masa da tuwo ba?"

"Bawan Allah, jefa ka wuce, akwai mutane a bayanka."

Na jefa, na fara maimaitawa, hayaƙi ya shige mini hanci, na yi atishawa. Kai, ka ga yadda fuskokinsu suka canza! Mai tsaron wutar ya ce bautar ta ɓaci, a sake daga farko. Na sake, raƙumi ya yi kuka a bayana, ya ce a sake. Sai a karo na huɗu na samu na wuce. A nan na fara gane cewa mutanen nan, da duk ƙarfensu da dawakansu, in aka yi kuskure ƙanƙani a wajen bauta sai sun koma farko, ko da sau nawa ne. Na ajiye wannan a raina.

Na isa Birnin Zaitun da ke bakin teku a lokacin da jirage ba sa tashi. Shekara guda da wata biyar na yi ina dakon tuluna, ina cigiyar Inna, ina tsintar harshensu a bakin 'yan dako. Garin nan kowane lungu da abin bautarsa. Mutanen ƙasar suna da wani tsohon gunki mai riƙe da lauje, Rumawa suka zo suka sa masa rigarsu da sunan wani nasu, kowa ya ci gaba da yanka masa rago yana kiransa yadda ya saba. Akwai mai kan kare, akwai na ƙofa, akwai na madogarar ƙofa dabam. Wata rana ina sauke kaya sai na ji wani soja yana fito, kuma karin waƙar niƙan Inna ne! Tulun ya suɓuce mini ya fashe. Na riƙe rigarsa na ce a ina ya ji wannan. Ya ce waƙar Uwargijiyar Kudu ce, wadda Durmiyus ya kai birnin Rum da ita da baiwarta.

To amma ba a ɗaukar baƙo a jirgi sai da takardar hukuma, ni kuwa ba ni da ko ganye. Ranar buɗe teku mabiyan Isisa, uwargijiyar Masarawa, suka fito da jerin gwano, kawunansu a aske ƙwal, sanye da farare, suna kaɗa wasu ƙarafa masu kacau-kacau. Su ne ke shiga jirage su yayyafa madara kafin a tashi. Na ruga wajen wanzami ya kwashe mini gashi tas, na yafa wani farin ƙyalle da muke rufe tuluna, na tsinci ƙarfe biyu ina bugawa, na kutsa tsakiyarsu ina rausaya kai. Da haka na hau jirgi mafi girma. Da suka gama suka sauka, ni kuwa na lafe a bayan buhunan alkama.

Kwana biyu asirina ya tonu. Teku ta yi fushi, jirgi yana hawa yana sauka, aka zo gyara buhuna aka zaƙulo ni. Mai jirgi ya ce ai ga dalili, ni ne na jawo musu, kuma ga shi kajin tsafi sun ƙi cin abinci tun jiya, a jefa ni ruwa. Na ce waɗanne kaji? Aka nuna mini wani tsoho mai faffaɗan goshi, sunansa Furonto, yana zaune gaban akurki ya yi tagumi. Aikinsa ke nan a duniya, kiwon kajin da manyan Rumawa ke tambaya kafin su yi wani babban abu. In kaji suka ci, alloli sun yarda. In suka ƙi, ko sarkin yaƙi ne sai ya koma gida.

Na leƙa akurkin na ga kaji shida sun yi laushi, idanunsu na juyawa. Na ce, "Baba, ai waɗannan ba fushi suke yi ba, jiri ne ke ɗibarsu. Ku ba ni igiya kafin ku jefa ni." Na rataye akurkin a jikin wani gungume yadda jirgi zai yi ta tangaɗinsa shi yana tsaye, na lulluɓe shi da farin ƙyallena. Kafin rana ta karkata muka buɗe, aka watsa alkama, kaji suka hau ci kamar ba su ba. Matuƙa suka yi ta ihu, mai jirgin da ya so jefa ni ya rungume ni, da yamma kuma iska ta kwanta don kanta.

Tun daga ranar ni da Furonto muka ƙulla. Na ba shi labarina duka, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ja ni gefe.

"Ɗan kudu, ka saurare ni. Kada ka kuskura ka ce musu dutsen niƙa ne. Tun da Durmiyus ya kawo shi bai taɓa faɗuwa a yaƙi ba. In ka faɗa, kai ka yi saɓo, ita kuma ta zama mayaudariya, ku duka kogi za a jefa ku. Kuma ba za su sake ta ba, don a wajenmu baƙon abin bauta ɗan ƙasarsa ne kaɗai ya san yadda ake yi masa hidima."

"To yaya zan yi, Baba?"

"Ban sani ba. Abu ɗaya na sani, ba ma riƙe abin bauta da ƙarfi. Da yardarsa yake zuwa, in ya ce zai tafi ba mai tare shi."

A cikin jirgin nan ne danshi ya shiga burgamina. Da na leƙa sai na ga geron Inna yana motsi, ƙwari da tsutsa sun yi gida a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kamar in zubar a teku, sai na tuna rantsuwata na sake ɗaurewa.

Birnin Rum kuwa, jama'a, me zan ce muku? Gidaje a kan gidaje har hawa shida, ruwa yana tafiya a sama bisa gadoji, hayaƙin hadaya ya rufe rana. Na ga ɗakin da 'yan mata shida ke tsaron wata wuta da ba ta taɓa mutuwa. Na ga masu buɗe cikin tunkiya suna karanta hantarta. Na tari wani mai sayar da kifi na ce ina ne gidan baƙin dutsen da aka kawo daga nesa tare da masu hidimarsa? Ya nuna mini kan wani tudu. Na haura a guje, na faɗa ciki ina kiran Inna.

Ashe wani baƙin dutsen ne dabam, na wata da suke kira Babbar Uwa, an kawo shi daga gabas tun zamanin kakanninsu. Masu hidimarsa maza ne masu dogon gashi da rigunan mata, suna juyi suna tsaga damatsansu da wuƙaƙe, jini na ɗiga. Suka ga baƙo ya tako inda ba a takawa, suka yo kaina da wuƙaƙen. Na waiga, ƙofa ta yi nisa. Sai na ga ganga a jingine, na sure ta, na sakar musu kiɗan noma irin namu na gayya. Wallahi ƙafafunsu ne suka ci amanarsu! Suka hau juyi, ni kuwa ina kiɗa ina ja da baya, ina kiɗa ina ja da baya, har na ji dugadugaina sun taɓa matakala. Na jefar da gangar na gangara tudun nan ban san ina da gudu haka ba.

Kwana goma sha ɗaya ina yawo. A rana ta goma sha biyu, da hudowar rana, na bi ta kasuwar hatsi a bakin kogi, sai na ji ƙarar dutse a kan dutse, gurr, gurr, irin wadda ta tashe ni daga barci shekara ashirin. Na bi ta har wani ɗan farin gini mai ginshiƙai huɗu. A gabansa masu gashin gurasa ne da sojoji fiye da ɗari, kawuna a rufe. Murya ɗaya tana bayarwa daga ciki, su kuma suna amsawa da harshenmu, ba su san abin da suke faɗa ba:

"Anaruwa ya tafi kanwa,
Wa zai ce masa na yi nisa?
Anaruwa, tuwo ya huce,
Anaruwa, ina ka tsaya?"

Na zauna a ƙasa. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ashe da ta ga ba mai jin harshenta sai ta saki bakinta, shekara biyu tana kirana kowace safiya, har ta koya wa Rumawa suna taya ta. Na yi kuka a bainar jama'a, wani mai gurasa ya dafa ni ya ce haka waƙar take yi wa kowa.

Da aka watse, Furonto ya yi mini hanya wajen masu gadi, ya ce ni ɗan ƙasar Uwargijiya ne na zo gaisuwa. Ga dutsenmu a kan dakalin farin dutse, an shafe shi da mai, an yi masa rawanin furanni. Ga Inna cikin fararen kaya, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta dube ni sau ɗaya, sai ta kau da kai.

"Kai wannan, wa ya aske maka kai haka kamar ƙwarya?"

"Inna, na zo in tafi da ke."

"Ka ci abinci?"

"Inna, kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Sau nawa ina gaya musu dutsen niƙa ne, sai su ce ina ɓoye asiri. Ko ƙofar nan ba na fita sai da mutum huɗu. Alkama suke ba ni in niƙa, ga ta nan ba daɗi ba ƙamshi."

Na tambaye ta wa ya tsara musu yadda ake bautar. Ta ce wa kuwa, ita ce, duk abin da ta ga dama shi suke rubutawa. Kuma jibi ne babban bikin shekara, Durmiyus da kansa zai jagoranta, ba zai fita yaƙin da aka naɗa shi ba sai an kammala. Atishawar da na yi a bakin ganuwa ta faɗo mini a rai.

"Inna, in aka yi kuskure a bikin, wa yake faɗa?"

Na ga gefen bakinta ya motsa. "Ni ce."

Ranar biki aka taru, ga farin sa da ƙahonin zinariya, ga masu sarewa, ga Durmiyus, dogo mai tabo a haɓa, ya rufe kai da mayafi. Aka yi tun safe har rana ta take tsaka, saura kalma uku a gama, Inna ta ɗaga hannu ta ce mai sarewa ya ja numfashi a inda ba a ja. Aka watse. Washegari aka kawo wani san, ta ce da ƙafar hagu ya shigo. Rana ta uku ta ce ta ji kukan ɓera. Rana ta huɗu Durmiyus da bakinsa ya yi tuntuɓen harshe don haushi, wannan ba ma sai da ta yi magana ba. Ni ina cikin taro ina cizon mayafina kada dariya ta kuɓuce mini. Ban taɓa sanin Inna ta iya mugunta haka ba.

A rana ta bakwai abin ya daina ba da dariya. Rundunarsa tana bayan gari tana jira, mutane sun fara gunaguni. Durmiyus ya yaye mayafinsa ya tsaya a kan Inna.

"Tsohuwa, shekara biyu ba a taɓa kuskure ba sai bana? Ko dai Uwargijiya ta ƙi mu, ko ke ce kika ƙazantu. In ke ce, kogi yana kusa, zan aika kudu a kawo wata."

Na ture mutane na fito. "Ranka ya daɗe, ni ɗan ƙasarta ne. Ba tsohuwar ba ce. Uwargijiya ce take kewar gida. Shekara biyu kuna ba ta alkama, ita kuwa gero ta sani. A tambaye ta mana, ai kuna da masu tambaya. A zuba alkamarku ta arewa, a zuba geron ƙasarta ta kudu, a saki kaji. In sun ci alkama, tana nan zama. In sun ci gero, gida take so."

Taro ya ɗau hayaniya, kowa na cewa a yi haka. Ni da Furonto mun riga mun shirya, kwana uku yana ɗura wa kajinsa alkama har sun gundura da ita. Amma Durmiyus ba yaro ba ne. Ya dube ni, ya dubi Furonto.

"Na ga ku biyun tare a kasuwa. Ba da kajinka ba, tsoho. A je a ɗauko na majalisar birni, waɗanda ba su taɓa ganin ɗayanku ba. In kuma suka ci alkama, kai ɗan kudu, da kai da tsohuwar nan za ku sha ruwan kogi yau."

Nan dabararmu ta rushe. Kajin majalisa tun suna ƙwai alkama suka sani, ba su taɓa ganin gero ba. Furonto ya sunkuyar da goshinsa. Na dubi Inna, ita kuwa gyara ɗaurin zanenta kawai ta yi.

Aka kawo akurki na azurfa. Aka zuba alkama wankakkiya, jawur, tana ƙyalli. Ni kuma na kwance burgamina, na zazzage. Abin kunya! Rabinsa ya zama gari, ya yi baƙi-baƙi, wari na tashi. Mutane suka toshe hanci, wani ya yi dariya. Aka yi tsit, aka buɗe akurki.

Kaji biyar suka fito suna taƙama. Kai tsaye suka nufi alkama. Ta gaba, wata ja mai ƙaton tukku, ta sunkuya, bakinta saura kaɗan ya taɓa, ni kuwa na riga na fara jin sanyin kogi a ƙafafuna. Sai ta tsaya. Ta karkata kai, ta ƙura ido ɗaya wajen tulin gerona. Rana ta bugi tulin, ƙwari da tsutsotsin da suka yi wata da watanni a duhu suka fara tsere ta ko'ina, tulin duka yana motsi.

Jama'a, kun san kaza da abu mai motsi! Jar nan ta kwasa a guje, fukafukai a buɗe, sauran suka rufa mata baya har suna taka alkamar. Suka faɗa wa geron nan suna tono suna caccaka, suna ƙwace a bakin juna, ƙwayoyi na zubowa daga bakinsu suna buga ƙasa. Furonto ya daka tsalle kamar ba tsoho ba.

"Ya zubo! Hatsi ya zubo daga baki! Babu alamar da ta fi wannan ƙarfi! Uwargijiya ta yi magana!"

Kasuwa ta ɗauka da ihu. Masu gurasa suna kuka suna roƙon gafara don sun tsare ta shekara biyu. Durmiyus ya daɗe yana kallon kajin, ya dube ni, na ga ya gane akwai wani abu amma bai san mene ne ba, kuma a gaban mutanensa ba shi da bakin musa wa kaza. Ya mayar da mayafi kansa, ya durƙusa gaban dutsen niƙan Inna, ya ce ta sauka lafiya, ta riƙa tunawa da Rum da alheri. Da aka sake bikin a matsayin na bankwana, Inna ba ta ji kukan ɓera ko ɗaya ba.

Da sarewa da furanni suka raka mu jirgi. Furonto ya roƙo jar kazar nan a wajen majalisa ya ba ni kyauta, wai ta fi shi iya aiki. Sojoji suka kai mu har ganuwar da na yi atishawa, suka ba mu raƙumi da salkunan ruwa, muka bi wani ƙaramin ayari muka shiga rairayi, ni da Inna da dutse.

A kwana na talatin guguwa ta raba mu da ayarin, bayan kwana biyu raƙumin ya durƙusa bai sake tashi ba. Na san rijiya tana gaba, tafiyar yini uku. Na dubi dutsen, na dubi Inna. Saboda shi ta ƙi gudu daga mayaƙa, ta yaya zan buɗe baki in ce a bar shi? Na naɗa gammo, na ɗora shi a kafaɗa, ita ta ɗauki salka da kaza, muka kama hanya.

Yini na farko na yi ta ba ta labari don kada ta ji nishina. Yini na biyu fatar kafaɗata ta saɓule, jini ya jiƙa rigata. Na faɗi na tashi, na faɗi na tashi. Da rana ta take tsaka na sake faɗuwa, na kai hannu zan ɗaga shi, sai na ji murya a bayana, a hankali, ba cikin waƙa ba.

"Anaruwa."

Na daskare. Na juyo, na ga tana kallona ido cikin ido.

"Anaruwa, ajiye shi. Dutse ne."

Ta durƙusa ta shafa shi sau ɗaya, ta cire ɗan dutsen ta soke a zanenta, ta kama hannuna ta tashe ni. Ba ta waiwaya ba. Washegari da yamma muka isa rijiya.

Fatake sun ce har yau dutsen yana nan a tsakiyar rairayi, kuma masu wucewa sun fara zuba masa gari suna neman sa'ar hanya. Inna da ta ji ta ce su dai mutane ba sa gajiya. Ɗan geron da kaji suka rage, wanda na tattara a ƙasan kasuwar Rum, ta shanya shi ta niƙa a dutsen Gwaggo Kuluwa, ta dama mini kunu. Ɗaci gare shi, na shanye tas.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka, ta koma "kai wannan" ɗinta, ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ban taɓa jin haushi ba. Rumawa in abu bai yi daidai ba ne suke maimaita shi, nata kuwa sau ɗaya ta faɗa kuma ya yi. Nan na sauke kayana, ku karɓi kunnuwanku, na gode da aro.